Kwalin Injin Ban-Ruwa

Ni mutum ne mai zargi, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. In aka ce mini ga abu kyauta, kafin in miƙa hannu sai na leƙa ƙarƙashinsa na ga inda aka ɗaura zaren. Matata ta sha gaya mini cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, ni kuma in ce mata banza ba ta kai zomo kasuwa. Da wannan hali nawa na yi shekara biyu ina kallon wani shirin talabijin da muke kira shirin kwasar kaya. Ina kallo ina kushewa, amma ban taɓa bari ya wuce ni ba.

Ran Asabar ake nuna shi, bayan la'asar. Ina koyarwa a wata firamare a Maiyama, gidana kuwa yana Jega, unguwar Firchin, to Asabar ce ranar da ni da babur ɗina muke hutawa. Da an idar da salla falonmu yake cika, don muna da sola, ba ruwanmu da ɗauke wuta. Matan maƙwabta su shigo, har da wata ma'aikaciyar jinya 'yar Kudu da ke haya a gidan da ke kallon namu, wadda ta fi kowa ihu in an fara gudu.

Yadda shirin yake ba wuya. Mutum uku ake kawowa cikin wani katafaren kanti a Abuja. Da farko mai gabatarwa, wani ɗan gaye mai yawan haƙora a waje, zai riƙa ɗaga kaya yana tambayar kuɗinsu. Wanda ya fi kusa da kuɗin da ke rubuce a jikin kayan, a ƙara masa lokaci. Bayan nan a ba kowa kwando mai taya, a sake shi cikin kantin shi kaɗai, ya kwashi abin da ya ga dama. Akwai jan layi a bakin ƙofa. Duk abin da ka tsallake layin da shi kafin ƙararrawa ta buga naka ne. In ta buga kana ciki, ko da taku ɗaya ya rage, ka fita hannu rabbana.

Tun kallon farko na ga da walakin goro a miya. Mu da ke gida ana nuna mana agogo a gefen allo yana cin lokaci, amma mai gudun ba ya ganin agogon, sai dai ya ƙiyasta a ransa. Kayan banza masu cika kwando, irin su takardar goge hannu da biskit, su ne a bakin ƙofa. Firiji da janareta da keken ɗinki kuwa an kai su can ƙuryar ƙarshe, inda kafin ka je ka dawo numfashinka ya ƙare. Daɓen kantin santsi gare shi, kuma na lura a cikin kwandunan nan uku akwai ɗaya mai karkatacciyar taya, kullum yana janye mai shi gefen hagu. Tambayar kuɗin ma ba ta mutanen kasuwa ba ce. Mu a nan abu ba shi da kuɗi sai an taya, an ce albarka, an ja, an daidaita. Su kuwa wata 'yar takarda ce manne a jikin kaya take yanke hukunci, ko da wanda ya rubuta ta bai taɓa shiga kasuwa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwalaye. Wata Asabar na ga wata siririyar yarinya ta sunkuci kwalin janareta ta jefa a kwando, ko nishi ba ta yi ba. Nan take na buga cinya na ce na gano su, kwalayen nan ba komai a ciki. Kuma ba a taɓa nuna mana wanda ya ci yana sauke kaya a ƙofar gidansu ba. Ana tafi, ana kiɗa, shiri ya ƙare. Na yanke a raina cewa da an kashe kyamara ake mayar da komai kan kanta, a sallami mutum da kuɗin mota. Kowace Asabar sai na maimaita wannan karatu, har matata ta fara cewa in na gama huɗubar in matsa mata ta ga allo.

Duk da haka, gaskiya ɗaya ce, shirin yana da daɗi. Ba wanda bai taɓa shiga kanti ya taɓa abu, ya juya ya ga kuɗinsa, ya mayar a hankali kamar ba so yake ba. To a ce yau ka shiga ka ɗauka ba tambaya. Matata ta haddace kantin nan kamar ɗakinta, ta san inda za ta bi in ita ce, ta fara da man girki ta ƙare da keken ɗinki. Ni ma da nake zagin shirin, in an saki mai gudu sai in ji ƙafata tana motsi da kanta a kan tabarma.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, manomin albasa ne a Aliero. Shekarunsa sun haura hamsin, amma jikin noma gare shi, buhun albasa ba ya gagararsa. Yana da fadama guda wadda ya gada, ita ce cinsa ita ce suturarsa. A shekarar da nake ba da labari injinsa na ban-ruwa ya mutu murus. Bakanike ya kwance shi sau uku, daga ƙarshe ya ce masa ya haƙura, gyaran ya fi ƙarfin injin. Ga damina ta ja baya, ga iri ya kusa isa dashe. Albasar rani kuwa ba ruwan sama take jira ba. In ba inji, ba shi da abin yi sai ya ba wani fadamar ya noma a shekarar, shi ya koma ƙwadago.

Ranar wata kasuwar Jega ya zo neman inji na hannu, ya zagaya ya taya biyu, duk suka fi ƙarfinsa. A hanyarsa ta fita ya tarar da rumfa an kafa, ana kiɗa da lasifika. Mutanen shirin kwasar kaya ne suke rubuta sunaye da lambar waya, wai za a yi ƙuri'a. A jikin babban hoton da suka rataya, cikin kayan ƙuryar ƙarshe, ya hango injin ban-ruwa ja. Ya sa aka rubuta shi, ya biyo gidana ya sha ruwa ya ba ni labari. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce masa ya ba 'yan damfara lambarsa da hannunsa.

Bayan mako uku aka kira shi. Na ce ya saurara, yanzu za su ce ya tura kuɗin fom. Ba su ce ba. Na ce to za su nemi lambar sirri ta banki. Ba su nema ba. Sai ma suka aiko da kuɗin mota na mutum biyu, suka ce ya zo da ɗan rakiya. Da wani mai hankali ne, da a nan ya sassauta. Ni kuwa sai na ƙara tabbata cewa tarkon babba ne, tunda har an zuba masa tsaba haka. Mahaifiyata ta ce ni ne mai boko, ni zan raka ƙanenta.

Daga tashar Jega har muka shiga Abuja bakina bai huta ba. Na koya masa abubuwa masu amfani, wannan ba zan ƙi faɗa ba. Na ce kada ya kalli biskit, kada ya kalli mai gabatarwa, ya miƙe ƙuryar ƙarshe kai tsaye. Na ce in an ba shi kwando ya fara tura shi ya ji tayar. Amma abin da na fi nanatawa shi ne zancen kwali. Na ba shi labarin siririyar yarinyar nan ya fi sau biyar.

"Kawu, kwalayen ga babu komi ciki," na ce masa. "Kak ka bari a sa ka gudu da iska, duniya na kallo."

Kawu ya juyo ya dube ni. Shi mutum ne da ba ya son a raina shi, kuma a Aliero an san shi da cewa ba a taɓa sayar masa da ruɓaɓɓen abu ba.

"Malam, kai ka gani da idonka?"

Na ce ban gani ba, amma biri ya yi kama da mutum. Ya gyaɗa kai, ya ce shi dai tun da yake bai taɓa cinikin biri a sama ba. Na ji daɗin wannan magana a lokacin, na ɗauka na yi masa gata.

Washegari da hantsi aka kai mu kantin. Ya fi yadda yake a talabijin ƙanƙanta, kuma wannan ma na rubuta shi cikin laifuffukansu. An jera mana kujeru a gefe, mu 'yan rakiya, aka sa wani mutum yana ɗaga hannu in ana so mu yi tafi. Abokan karawar Kawu su biyu ne, wata matar aure mai sayar da abinci da wani ma'aikacin banki. Aka shafa wa Kawu hoda a goshi wai don kada ya yi ƙyalli, ya tsaya ƙiƙam yana kallona kamar in zo in cece shi.

Aka fara tambayar kuɗi. Madarar gwangwani, ma'aikacin banki ya ci. Sabulun wanki, matar ta ci. Kawu ya ci kuɗin buhun shinkafa, don ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Sai mai gabatarwa ya ɗago wata 'yar raga, albasa shida a ciki, ya ce ai wannan ta manomin Aliero ce, kyauta aka ba shi. Na saki jiki. Kawu ya karɓi ragar ya juya ta, ya matsa wuyan guda ɗaya, ya faɗi abin da albasa shida za ta yi a bakin titi in mai sayarwa ba shi da tsoron Allah. Da aka juyo takardar, kuɗin ya ninka nasa kusan sau biyar. Matar nan ce ta ci. Aka yi ta dariya, mai gabatarwa yana cewa manomi bai san kuɗin albasa ba. Kawu bai yi dariya ba. Na ga yadda ya kalli takardar nan, na san a ransa ya gama yarda da ni cewa wurin nan ba na gaskiya ba ne. Ya tashi da minti ɗaya da rabi, daidai da ma'aikacin banki, matar ta fi su.

Shi aka fara saki. Wallahi ban taɓa sanin Kawu yana da gudu haka ba. Ya tuɓe takalmi tun kafin a busa, saboda santsi, ya tattare riga. Bai kalli hagu ba bai kalli dama ba. Kwandon ma lafiyayye ya samu. Muna ganinsa a wani babban allo da aka kafa mana, da agogon a gefe, wanda shi ba ya gani. Ya isa ƙuryar ƙarshe da sauran fiye da minti ɗaya. Ga kwalin nan, da hoton jan inji a jiki. Ya sunkuya ya ɗaga shi ya sa a kwando. Abin da ya rage kawai ya juya ya dawo, kuma lokacin ya ishe shi har da saura.

Sai ya tsaya. Nauyin kwalin ya isa ya gaya masa akwai abu a ciki, amma wanda ya yi shekara talatin yana sayen buhu ya san ana cika ƙasa da dutse a rufe sama da kaya. Ya sa farce ya yage leda, ya buɗe kwalin, ya zare farin abin da aka tokare injin da shi. Ya ga inji. Na ce a raina to alhamdu lillahi, taho. Bai taho ba. A Aliero ba mai ɗaukar inji bai ja igiya ba, ko a shago ne, ko aro ne, ko kyauta. Ba tayarwa ake so a yi ba, tunda ba mai a ciki. Ja ake yi a hankali a ji nauyin igiyar a hannu, a nan ake gane inji mai rai da gangar banza. Kawu ya dafe injin da hannun hagu, ya kama igiyar da dama, ya ja. Ya saki ta koma. Ya sake ja, yana karkata kunne.

Mutane suka miƙe suna ihu. Mai gabatarwa yana tsalle yana cewa baba gudu, baba gudu. Ni da nake ganin agogo na buɗe baki in kira shi, sai na fasa, don na san wanda ya tsayar da shi a wurin. Na ga fuskarsa a allo lokacin da ya ji nauyin igiyar. Murmushi ya yi. Sannan ya juya kwandon ya zuba da gudu, kwalin a buɗe, farin abin nan yana zubewa a bayansa. Ya wuce shinkafa, ya wuce man girki, ya wuce biskit. Ƙararrawa ta buga saura taku huɗu ko biyar ya kai jan layin.

Bai tsaya ba sai da ya tsallake, don bai san ta buga ba, ihu ya yi yawa. Sai da mai gabatarwa ya dafa kafaɗarsa ya yi masa bayani. Wasu samari biyu suka zo suka tura kwandon suka mayar ciki. Don a ƙara wa masu kallo nishaɗi, mai gabatarwa ya ɗauko ragar albasar nan ya miƙa masa a matsayin kyautar ban-haƙuri. Mutumin da ke ɗaga hannu ya ɗaga, aka yi tafi.

Ko a nan zargina bai mutu ba. Na ce bari in ga ƙarshen abin, ai yanzu za a ƙwace na sauran. Matar nan mai abinci ta tsallake layi da ƙaramin firiji da jarkar mai biyu. Bayan an kashe kyamara na bi ta har waje, ina jiran a tare ta. Ba wanda ya tare ta. Aka sa ta ta sa hannu a takarda, mijinta ya tsayar da motar haya, aka ɗaure firijin a but ɗin motar. Har na matsa na taɓa shi da hannuna, na ji sanyin ƙarfe. Na tsaya a bakin titin nan kunya da baƙin ciki sun rufe ni, na rasa yadda zan koma in haɗa ido da Kawu.

Muka shiga mota muka kamo hanyar gida. Ni da na zo ina zuba kamar kanya, na koma bebe. Kawu ya ɗora ragar albasar a cinya yana juya ta. Can ya ciro guda ya shinshina, ya kankare ɓawon da farce, ya ce wannan albasar ƙasarmu ce, ya san ta, ba mamaki ma a tasharsu aka yi lodinta. Na tattara ƙarfina na ce masa ya yafe mini, ni na sa shi buɗe kwalin.

"Kai kac ce in buɗe," in ji shi. "Igiya kau ni naj ja."

Daga nan bai ƙara tayar da zancen ba.

Bayan wata ɗaya aka nuna shirin. Falonmu bai taɓa cika irin ranar ba, har a taga mutane suke leƙe. Duk sun san yadda ta ƙare, amma da ya tsaya buɗe kwali sai da ɗakin ya ɗauki ihu, 'yar Kudun nan tana dukan kujera tana cewa ya gudu. Matata ba ta yi ihu ba. Kallo ɗaya ta yi mini ta mayar da ido kan allo, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. A Aliero an yi makonni ana tsokanarsa, in ya zo wucewa a ce ga mai jan igiya. Dattawa kuwa suka ce ba su ga laifinsa ba, wa zai ɗauki inji bai ji shi ba. Duk wanda ya tambaye shi dalilin da ya buɗe kwalin, sai ya ce halinsa ne. Ko mahaifiyata bai gaya wa ba, sai da na gaya mata da bakina.

Har yau ina nan kan bakana a wasu abubuwan. Rashin adalci ne a ɓoye wa mai gudu agogo. Tayar nan ma har yanzu a karkace take, ina ganinta kowace Asabar. Zancen kwali ne kawai ban ƙara yi ba.

Fadamar dai ta tafi a shekarar. Wani maƙwabcin gonarsa mai inji biyu ya karɓe ta, ya dasa irin da Kawu ya yi renonsa da hannunsa, sannan ya ɗauke shi aikin ban-ruwa a cikinta. Wata Asabar da rani ya yi tsakiya na hau babur na tafi Aliero gaishe shi, aka ce yana fadama. Na same shi cikin taɓo har ƙwauri, ya ja mesa ya kai bakin fangali, wato komin da aka dasa albasa, albasar ta yi kore shar, ba tasa ba. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida. Sannan ya koma wurin injin mai gonar, wani tsohon inji da aka ɗaure murfinsa da waya. Ya dafe shi ya ja igiya, injin ya yi tari ya mutu. Ya sake ja, shiru. Sai a ja na biyar ya tashi yana hayaƙi. Kawu ya miƙe yana haki, ya goge hannu a riga, ya tsaya yana kallon ruwa yana shiga fangali.

"Wancan na Abuja, Malam," ya ce, bai juyo ba, "ja guda za ya tashi. Na ji shi ga hannuna."